Injin da Ba Ya Shan Mai: Ruwan Tanki Ba Zai Ɗaga Kansa Ba

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, manomin rani bai sake samun sukuni ba. Litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta tsallake 1,000. Duk mai tumatir ko albasa a fadamun Gozaki, Ƙafur, Danja har Malumfashi ya san injin ban-ruwa ba ya jin magiya. In babu mai, babu ruwa. A cikin wannan ƙunci ne bidiyoyi suka cika wayoyi a WhatsApp da TikTok: ga inji ba ya shan mai, ba ya neman rana, wai nauyi kawai ke tafiyar da shi, in ka tayar sau ɗaya shi ke nan.

Iri biyu aka fi nunawa. Akwai wilin da aka rataya wa ƙarafa masu lanƙwasa, ta yadda gefe ɗaya zai riƙa rinjayar ɗaya har abada. Sai kuma wanda ya fi shiga ran manomi: tanki a sama, ruwa ya gangaro ta bututu ya juya wili, wilin ya juya altanetar mota, wutar ta tayar da famfo, famfon ya mayar da ruwan cikin tanki, har a samu rarar da za a kai gona.

A baki maganar tana da daɗi, amma ba za ta yiwu ba, ko da kuwa an samu mafi gwanintar mai walda a Funtuwa. Gaskiya ne ƙasa tana jan komai zuwa gare ta, kuma abin da ke faɗowa yana iya yin aiki. Sai dai ƙarfin da ruwa ke bayarwa a saukowarsa shi ne daidai ƙarfin da aka kashe wajen hawar da shi, ba ya ƙaruwa ko da ƙwayar zarra. Adashi ne. Ranar kwasa ka ga kuɗi tuli ka ji daɗi, alhali zubinka ne ya dawo, kuma bai dawo cif ba, don uwar adashi ta cire nata. A inji, masu cire nasu suna da yawa: boris yana ɗumi, fambel yana santsi, ruwa yana gogar bututu, waya tana zafi, ƙarar da kake ji ma ƙarfi ne ke fita. A ce famfo ya mayar da kashi 60 cikin 100 na ƙarfin da ya sha, wilin da altaneta su ma 60, to a zagaye ɗaya abin da ya rage 36 ne. A zagaye na biyu bai kai 13 ba. Daga ina rarar gona za ta fito?

Mutane kuma suna ɗaukar ƙarfin ruwan tanki fiye da yadda yake. Lita 1,000 a tsayin mita 10, ko da ba a yi asarar komai ba, ba za ta riƙe ƙwan lantarki mai wat 10 na awa uku ba.

Wilin ƙarafa ma haka yake. Gefen da ƙarafan suka miƙe nesa da tsakiya 'yan kaɗan ne a wurin, ɗaya gefen kuwa sun taru da yawa a kusa, sai rinjayen ya tashi babu. Kowane ƙarfe iyakar yadda ya sauka haka zai hau. Wili mai nauyi a kan boris mai kyau yana iya daɗewa yana juyawa, ya ishi bidiyon minti biyu, amma ka ɗora masa aiki ka gani.

Tunanin ya tsufa. Wajen 1150 masanin lissafi Bhaskara na Indiya ya siffanta wili mai bututan zaiba. A 1618 Robert Fludd na Ingila ya zana injin niƙa da ke mayar da ruwansa sama, wato wannan dai na tanki. A 1775 Majalisar Kimiyya ta Faris ta daina karɓar irin waɗannan ƙirƙire-ƙirƙire baki ɗaya. A 1813 wani Charles Redheffer yana karɓar kuɗin kallo a birnin New York, har injiniya Robert Fulton ya zo. Da kunne ya gano shi: ya ji juyin ba daidai yake tafiya ba, yana sauri yana lafawa kamar hannun mutum. Ya ɓamɓare katakai ya ga siririyar igiya, ya bi ta har ɗakin sama, ya tarar da wani tsoho yana murza hannun injin. Yau tsohon ya koma batir da ake ɓoyewa a gindin akwati, ko wayar da kyamara ba ta haska.

Wani zai ce, to Kainji fa, ba nauyin ruwa ke ba da wuta ba? Shi ne. Tun 1968 ruwan Kwara ke juya injinan Kainji, daga baya kuma na kogin Kaduna a Shiroro da Zungeru. Amma ba wanda ke mayar da ruwan da ya wuce bayan dam. Rana ce ke turara ruwan teku ya zama girgije, damina ta sauke shi a kan tudu. Ita ke yin zubin, shi ya sa wuta ke raguwa in ruwan dam ya ja baya. Akwai ma famfo na gaskiya da ba ya shan mai, wanda Joseph Montgolfier ya ƙera a Faransa a 1796. Yana amfani da bugun ruwa mai gangarowa ya tura ɗan kaɗan sama, mafi yawa ya zube ya wuce. Yana buƙatar rafi mai gudu da gangara, ba ya aiki a kan rijiya ko kududdufin fadama.

Abin da ke ci mini rai shi ne yawancin yaran da ke wannan ƙira ba macuta ba ne. Masu basira ne da hannu mai kyau, waɗanda ba su samu ɗakin gwaji a makaranta ba, ba kuma wanda ya zaunar da su ya yi musu wannan lissafi. Sai ka ga manya sun zo an ɗauki hoto, an yaba, an watse, ba wanda ya zo da mita ya auna. Wanda ya yi tambaya a ce hassada ce, ko ba ya kishin na gida. Yaro ya sayar da akuyar gyatumarsa ya sayi altaneta, manomi ya ba da kafin alƙalami da kuɗin takinsa. Ga Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya kusa da mu, ga cibiyar binciken makamashi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato. Ƙaramar hukuma ba za ta talauce ba don ta kai irin waɗannan yara su koyi haɗa famfon sola da gyaransa, tunda rana ce abin da muke da shi a wadace daga Nuwamba zuwa Afrilu, daidai lokacin da shuka ke neman ruwa.

In an kawo maka injin da ba ya shan mai, kada ka ba da ko sisi sai an cire batir da duk wata waya a gabanka. A kai shi gonarka, ba shagon mai shi ba, a jona masa mesa ya ja ruwa daga asuba zuwa magariba, kwana uku a jere, mabuɗin wurin yana hannunka.