Daga Motar Kara Zuwa Kumbo: Hannun Yaran Kura da Bunkure

Da zarar an gama yankan dawa an jingine kara a bakin gonaki, aiki ya samu ga ƙananan maƙeran ƙauyukan Kura da Bunkure da Garun Malam. Yaro zai zaɓi karan da bai ruɓe ba, ya sa reza ya ɓare ɓawonsa sili-sili, ya yanka totuwar gunduwa-gunduwa, sai ya dinga soka wannan cikin wancan har mota ta tashi. Ba ƙusa, ba gam. Wanda hannunsa ya faɗa sai ya bar kara ya koma gwangwanin madara da na tumatir, ya yanko tayoyi daga tsohon silifa, ya lanƙwasa waya ya yi sitiyari mai tsawon da zai tuƙa yana tafe. Abin da suke gani a titin Zariya da hanyoyin gona shi suke ƙerawa: tifa, tarakta, A Daidaita Sahu, da manyan motocin da ke lodin kwandunan tumatir a Kwanar Gafan.

A wasu ƙasashe ma ana irin wannan wasa, sai dai kayan aikin daban ne, kuma can har masu furfura ba su bari ba. Wani kafinta ɗan ƙasar Denmak, Ole Kirk Christiansen, ya fara sassaƙa kayan wasa na katako a garin Billund a 1932, daga nan kamfanin LEGO ya samo asali. A ranar 28 ga Janairun 1958, lokacin da ɗansa Godtfred ke jan ragamar aiki, kamfanin ya nemi rajistar mallakar wani ɗan bulo na roba mai haƙora a sama da bututu a ƙasa. Idan aka ɗora wani kan wani sai haƙoran su shige tsakanin bututun da bangon bulon su kama gam, amma yaro na iya ɓamɓare su da yatsa. Iyakar dabarar ke nan. Sauran duk ma'auni ne.

A ma'aunin nan nake so mai karatu ya tsaya. Tsakanin haƙori da haƙori milimita 8 ne, ko a wane bulo. Tsayin bulo milimita 9.6, falle kuma, siririn bulo, milimita 3.2, wato falle uku su ne bulo ɗaya. Falle biyar idan aka jera su sun kai milimita 16, daidai da faɗin haƙora biyu, kuma da wannan lissafi gwanaye ke kwantar da bulo a gicciye ya zauna daram cikin gini, su sami bango mai santsi ko fiffike mai karkata. Saboda ba a taɓa sauya wannan awo ba, bulon da aka yi a 1958 yana kama wanda aka yi bana. Wani masanin lissafi ɗan Denmak, Søren Eilers, ya ƙirga da kwamfuta cewa bulo shida kacal masu haƙora takwas-takwas ana iya haɗa su ta hanyoyi 915,103,765. Ƙa'ida ɗaya ce tal, ita ta buɗe duk waɗannan ƙofofi.

A 1978 kamfanin ya fara fitar da jerin kayan sararin samaniya, masu launin shuɗi da toka-toka, da 'yan mutum-mutumin 'yan sama jannati. A 1999 ya fara fitar da kumbunan fim ɗin Star Wars. Babban kumbon fim ɗin, Millennium Falcon, da aka fitar a 2017, yana da gutsure 7,541. A wannan shekarar dai aka fitar da rokar Saturn V wadda ta kai mutum duniyar wata, aka daidaita gutsurenta su zama 1,969 don tunawa da shekarar saukar. Wasu masu sha'awa ne suka tsara wannan rokar suka gabatar, jama'a suka jefa mata ƙuri'a, sannan kamfani ya karɓa.

Amma gwanayen wannan fanni ba su ɗauki bin takardar umarni a matsayin gini ba, koyo suke ɗaukar sa. Ginin gaske yana farawa ne ranar da mutum ya warware abin da ya saya, ya zube gutsuren a faifai, ya ce bari in yi nawa. Wani zai tsawaita jikin kumbo, wani ya sauya masa injin, wani ya tashi wanda ba a taɓa gani a kowane fim ba. Duk watan Satumba akwai masu sa wa kansu sharaɗin gina kumbo da tsawonsa bai gaza haƙora 100 ba, wato santimita 80, kuma a kammala cikin watan. A wannan tsayi bulo kaɗai ba ya riƙe kansa, dole a fara da ƙashin baya mai ƙarfi a ciki, a san inda nauyi ya taru, in ba haka ba a ɗaga shi ya karye biyu. Suna kuma cika jikin kumbon da 'yan tarkace, bututu nan, ƙugiya can, don ido ya yarda cewa injin ne mai aiki. Wannan dabara daga masu shirya fim suka gaje ta. Waɗanda suka ƙera kumbunan Star Wars na 1977 sun ɓalle sassan tankokin yaƙi da motoci da jirage na wasa ne suka manna a jikin abin da suka sassaƙa. Tsince-tsince ne, irin wanda yaron Bunkure ke yi a bayan shagon mai gyaran rediyo, yana neman murfin biro da ƙaramin injin kaset.

Kuɗin abin kuwa ba na talaka ba ne. Wancan babban kumbo na Millennium Falcon dala 800 aka sa masa da ya fito, a canjin yau ya haura naira miliyan ɗaya. Ba zan ce wa manomin da ke lissafin taki da kuɗin ruwa ya saya wa ɗansa ko ƙaramin kwali ba, kuma ban ga hasara a rashinsa ba. Yaron kara yana da abin da mai bulo ba shi da shi. Shi ke yin kowane gutsure da hannunsa. Ya san wane kara ne zai tsage, wace waya ce za ta karye in an lanƙwasa ta sau uku, yadda ake huda gwangwani ba tare da ya lotse ba. Sanin halin kayan aiki ilimi ne babba, kuma ba a samun sa a kwali.

Abin da ya rasa shi ne awo. Motar kara ɗaya ce tilo a duniya. Tayarta ba za ta shiga motar abokinsa ba, in ta lalace sai a jefar a sake sabuwa, kuma babu zane a takarda da ƙanensa zai ɗauka ya maimaita ta ko ya gyara kuskurenta. Duk gwanintar tana cikin yatsun yaro, ranar da ya girma ya bar wasa ta tafi da shi. Bambancin mai fasaha da injiniya a nan yake, kuma yaran wannan yanki sun fi kowa kusa da darasin, don a tsakiyarsa suke kwana. Ruwan da ke shayar da shinkafa da alkama da albasar iyayensu daga madatsar Tiga yake fitowa, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ya biyo babbar magudana ta Ruwan Kanya, ya rarrabu cikin ƙanana har bakin fili. Ba famfo ke tura shi ba, gangare ne da aka auna. Da an yi kuskuren awo a wuri guda, da ruwan ya tsaya ko ya ɓalle. Kowace ƙofar ruwa da yaro ke tsallakewa a hanyarsa ta makaranta wani ne ya zana ta a takarda kafin a zuba siminti.

Mai karatu na iya cewa, to me ya kawo kumbo cikin zancen? A bar su da tifa da tarakta mana. Dalilina biyu ne.

Na farko, sararin samaniya ba baƙon Kano ba ne. Lokacin da Amurka ta fara tura mutum ya kewaya duniya, hukumar NASA ta kafa tashoshin bin sawu a wurare daban-daban, ɗaya daga cikinsu a Kano take. Ranar 20 ga Fabrairun 1962, John Glenn na ratsa samaniyar Afirka a cikin kumbonsa, ya shaida wa ma'aikatan tashar Kano cewa yana hango ƙura ta turnuƙe ƙasa, suka amsa masa cewa an yi mako ana iska mai ƙarfi. Hazonmu na hunturu ya gani. A watan Agustan 1963 Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi magana da Shugaba Kennedy ta tauraron ɗan adam na Syncom 2, karo na farko da shugabannin ƙasashe biyu suka zanta ta wannan hanya. A 1969, shekarar da aka sauka a wata, Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin yaron da wani baƙo daga sama ya ɗauka ya zaga da shi cikin taurari, Alhaji Mamman Shata kuma ya yi wa kumbon Apollo 11 waƙa. Daga baya Nijeriya ta kafa hukumar sararin samaniya ta NASRDA a 1999, ta harba tauraron ɗan adam na NigeriaSat-1 daga Rasha a watan Satumban 2003, kuma NigeriaSat-X da ya tashi a 2011 injiniyoyinmu ne suka haɗa shi a lokacin da suke samun horo a Ingila. Yaron da ya ce zai gina kumbo bai fita daga tarihin gidansu ba.

Dalili na biyu ya fi mini nauyi. Tifa ana ganin ta, sai a kwaikwaya. Kumbon ƙagaggen labari babu wanda ya taɓa ganin sa, don haka mai ginin dole ya yi tunani. Mutum nawa zai ɗauka? Ina injin, ina tankin mai, me zai raba su da wurin kwana? Tunda babu iska a can, fiffike na da wani amfani, ko kuwa faifan hasken rana ya kamata a shimfiɗa a wurinsa? In tafiyar ta shekara biyu ce, me za a ci, me za a sha? Tambayar ƙarshen nan ita ce ke ci wa masana tuwo a ƙwarya har yau. A tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa ana tace gumi da fitsari a mayar da su ruwan sha, kuma a 2015 'yan sama jannatin NASA suka ci latas ɗin da aka shuka a cikinta. Ka ba ɗan Kura aikin tsara gonar cikin kumbo, yaron da ya san rainon irin tumatir da dashe da kwana nawa ƙasa ke yi kafin ta nemi ruwa, ka ji irin tambayoyin da zai yi maka.

Mun kuma ga inda hannu irin wannan ke kaiwa in an bar shi shi kaɗai. A 2007 labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibi a Jami'ar Bayero, ya zaga duniya, bayan ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin mota ƙirar Honda Civic da tarkacen ƙarafa, ya kuma ɗaga shi daga ƙasa kimanin ƙafa bakwai. Abin alfahari ne ƙwarai. Amma tsakanin ƙafa bakwai da jirgin da za a amince masa da rayukan mutane akwai zane, da gwaji, da sassan da aka yi bisa awo ɗaya, da mutane da yawa masu aiki kan takarda guda. Wannan tarbiyya ba a jami'a ake fara ta ba. Jihar da ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu tun 1977 ta san amfanin kama yaro da wuri, sai dai ko su a sakandare suke karɓar sa, bayan an riga an raba shi da reza da kara da sunan ya girma.

Abin da nake nema ba ya buƙatar kwangila. Malamin firamare a Kura ko Bunkure ya sa yara su zo da kara bayan girbi, ya ba su rula da takarda mai gida-gida, su amince kan awo ɗaya, a ce kowace gunduwa santimita biyu, ko huɗu, ko takwas. Kowa ya zana kumbonsa kafin ya taɓa reza, ta gefe da ta sama. Sannan a musanya takardu, Audu ya gina na Binta, Binta ta gina na Audu. Inda ginin ya ƙi, a koma a duba zanen. Kuma na ambaci Binta da gangan, don yarinyar da ke ƙirga zare a saƙa da ɗinkin hula ta riga ta san aiki da gida-gida, bai kamata a ce wannan wasan maza ne ba. Makarantar da ke da kwamfuta za ta iya sauke manhajar Studio ta BrickLink, kyauta ce, ana gini da ita ba tare da an mallaki bulo ko ɗaya ba. A kula dai da reza a hannun ƙanana, kuma a nisanta 'yan gutsure daga yaron da bai kai shekara uku ba, don baki yake kai komai.

Akwai magana kuma ga masu masana'antun roba na Sharaɗa da Bompai da Chalawa. Wa'adin mallakar ainihin dabarar bulon ya daɗe da ƙarewa, kamfanoni da dama a duniya na yin irinsa da sunayensu. Aikin ba sauƙi gare shi ba, don bulon da ya kauce wa awo kaɗan ko dai ya ƙi shiga ko ya ƙi kamawa, amma wanda ke zuba buta da bokiti dubu-dubu ya kamata ya gwada ƙwanjinsa a nan, ya yi wa makarantunmu bulo mai araha.

Ku kuma iyaye, in kun tarar da yaro ya baje kara da gwangwani a zaure bayan ya dawo daga makaranta da gona, kada ku ce masa ya tashi daga wasan banza. Ku tambaye shi me yake ginawa, ku sa ya bayyana muku aikin kowane sashe, sannan ku saya masa rula da fensir da littafin zane.