Garin da ake zubawa cikin baƙin mai

Zancenmu na yau bisa baƙin mai ne, wanda kuke zubawa ga babur, ko injin niƙa, ko injin ban ruwa.

In kun shafa ƙarfen cikin inji, za ku ji shi sumul. Amma in an duba shi da madubin ƙara girma, sai a ga tudu da kwari, kamar gonar da aka yi wa huɗa. In ƙarfe biyu na gugar juna, tudun wannan yana karo da tudun wancan. Nan zafi ke tashi, nan ƙarfe ke cinyewa. Aikin mai shi ne ya shiga tsakani. To, amma lokacin tada inji, ko in kaya sun yi nauyi, man yakan matse, ƙarfe ya taɓa ƙarfe.

Shi ya sa masana suka gwada zuba wani gari cikin mai. Kada ku ce gari da ƙura duk ɗaya ne. Ƙurar hunturu tana da tauri da kaifi, kankare ƙarfe take yi. Wannan gari kuwa, ƙanƙantarsa ta wuce ganin ido. Ku dubi milimeta ɗaya bisa ma'auni. In an raba ta kashi miliyan, kowane kashi sunansa nanometa. Ƙwayar garin nan ba ta wuce nanometa 100. Sai an jera ɗaruruwanta kafin su kai kaurin gashi ɗaya.

Waɗansu ƙwayoyin suna cike kwarin ƙarfe. Waɗansu suna mirginawa tsakani. Waɗansu kuma shafi-shafi ne, suna sulɓewa bisa juna. Irin na ƙarshen kun san shi: baƙin cikin fensirinku, mai suna girafit. Sulɓewar nan ce ke bar muku harafi bisa takarda.

A 1992, a ƙasar Isra'ila, masani Reshef Tenne da abokan aikinsa suka gano waɗansu ƙwayoyi na farar wuta da wani ƙarfe mai suna tungustan. Ɓawo bisa ɓawo suke, kamar albasa. In ƙarfe ya danne su, sai ɓawon ya ɓare, ya lulluɓe wurin da ke guga.

Sai dai kaɗan ake sawa, sau da yawa ƙasa da kashi 1 cikin 100. In ya yi yawa, sai ya dunƙule, ya kwanta ƙasa, ko ya toshe matatar mai. Saboda haka kada wani ya daka fensir ya zuba ga inji. Turmi ba ya kai gari wannan laushi.