Kafin ka zargi makirfonka, auna shi tukuna

Ka taɓa tsayawa a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe, ka ɗauki bidiyo mai kyau, amma da ka dawo gida ka kunna sai ka ji kakaki da tambura sun koma kamar ana yaga kwano? Hoto tas, sauti kuwa ba ya jiyuwa. A TikTok ba mai yi maka uzuri, wucewa kawai za a yi.

Kafin ka garzaya Farm Centre ka zubar da kuɗinka a kan sabon makirfo, akwai abu biyu da masana sauti ke aunawa, kuma kai ma za ka iya.

Na farko, wane zangon sauti makirfon ke kamawa? Kunnen matashi mai lafiya yana jin daga hertz 20 zuwa kusan 20,000. Kaurin muryar namiji yana ƙasa, wajen 85 zuwa 180, amma abin da ke sa a rarrabe kalmomi yana tsakanin 2,000 da 4,000. In makirfo ya danne wannan wurin, sai a ji ka kamar mai magana a cikin randa.

Na biyu shi ne gurɓata sauti. Sauke manhajar Audacity, kyauta ce. Kunna tsantsar amo mai hertz 1,000 ta lasifika, ka naɗa, sannan ka buɗe zanen da ke nuna zangon sautin. Tsini ɗaya ya kamata ya yi fice. In ka ga wasu sun miƙe a 2,000 da 3,000, to an yi ƙari a hanya. In kuma tsinin a 50 yake, ƙugin wutar NEPA ne ya shigo, sai ka cire caja ka sake gwadawa.

Amma fa lasifika ma tana da nata laifin. Don haka ari makirfon abokinka, ka gwada su biyun a ɗaki ɗaya, nisa ɗaya, ƙarfi ɗaya.

Sau da yawa makirfon lafiyarsa ƙalau, kai ne ka ƙure masa ƙarfi har sautin ya fashe. Rage shi, ma'aunin ya riƙa wasa wajen -12, kada ya taɓa sifili. Sautin da ya yi ƙasa ana iya ɗaga shi daga baya. Wanda ya fashe kuwa, gyaransa sai an sha wuya, in ma ya gyaru.

Gwada yau, tun sallah ba ta zo ba.