Birtaniya: Gidan da Aka Daina Yi wa Yaɓe

Ranar 30 ga Satumba, 2024, wuta biyu suka mutu a Birtaniya. Ta farko a Ratcliffe-on-Soar, kusa da Nottingham, inda aka rufe tashar lantarki ta ƙarshe mai aiki da kwal. Ta biyu a Port Talbot da ke yankin Wales, inda aka kashe babbar tukunyar narka ƙarfe ta ƙarshe a garin, dubban ma'aikata suka kama hanyar rasa abin yi. Ta farkon da gangan aka rufe ta, don a rage hayaƙin da ke ɗumama duniya. Ta biyun asara ce ta ci ta. Mai masana'antar kuwa kamfanin Tata ne na Indiya, ƙasar da Turawan Ingila suka mulka har 1947.

A majalisar da nake zama bayan la'asar, in aka ɗauko zancen Ingila, mutane kashi biyu suke rabuwa. Wasu su ce ta gama yawo, sai dai tarihi. Wasu su ce in ta gama yawon, me ya sa 'ya'yanmu ke sayar da fili su nemi bizarta? Ni ina ganin tambaya biyu ce aka cusa cikin ɗaya. Rasa ikon juya wasu ƙasashe daban, kasa riƙe gidanka daban. Na farkon ya riga ya faru, kuma ba zai dawo ba. Na biyun shi ake ciki yanzu, shi ne kuma yake da magani.

Mulkin da ya tafi

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na doron ƙasa yana ƙarƙashin tutar Birtaniya, da mutane fiye da miliyan 400. Mu ba labari aka ba mu ba. A 1903 sojojin Lugga suka ci Kano da Sakkwato, a 1911 layin dogo ya iso Kano. Auduga suke so don masaƙun Lancashire, manoma suka ga gyaɗa ta fi kawo kuɗi, suka ba su gyaɗa. Na tashi na ga keken Raleigh na mahaifina a jingine a zaure, baƙi, da tambarin kan tsuntsu a gabansa da sunan Nottingham a ƙasa. Duk Juma'a sai an goge shi da tsumma, an ɗiga wa sarƙa mai. A zamanin nan, in mai kanti ya ce kaya ɗan Ingila ne, ciniki ya ƙare. Yau ba a ƙera wannan keke a Nottingham, kamfanin ma wani na Holan ya saye shi tun 2012.

Wannan fifiko dama ba mai ɗorewa ba ne. Tsibiri ne ɗan ƙarami wanda ya riga kowa gano yadda ake sa inji ya yi aikin mutum ɗari. Da Amurka da Jamus suka koya, kafin 1900 duk sun wuce ta wajen narka ƙarfe. Sai yaƙin duniya biyu suka kwashe abin da ta tara. A 1946 ta ranci dala biliyan 3.75 daga Amurka, ba ta gama biya ba sai Disamban 2006. A 1956 Jamal Abdul Nasir ya mayar da mashigin Suez hannun Masar. Birtaniya da Faransa da Isra'ila suka kai hari, Amurka ta ƙi tallafa wa kuɗin Ingila, ala dole suka janye, Firayim Minista Anthony Eden ya sauka. Daga nan kowa ya san inda ƙarfi ya koma. Gana ta karɓi 'yanci a 1957, Najeriya a 1960.

Abin da masu cewa ta gama yawo ke mantawa shi ne, talakan Ingila ya fi jin daɗi bayan daular ta watse. Lokacin da sarauniya Victoria ke mulkin wannan daula, yara ƙanana ne ke aiki a masaƙun Manchester. A 1948, ƙasar na cikin bashi har wuya, aka kafa hukumar lafiya ta NHS, kowa ya ga likita kyauta. A farkon shekarun 1950 gida wajen 300,000 ake ginawa duk shekara. Holan ma ta rabu da Indonesiya a 1949, yau kuma mutuminta ya fi na Birtaniya samu. Ƙasa tana iya rasa mulkin mallaka ta ci gaba da zama da rufin asiri.

An taɓa fid da rai da ita

Wanda ya saurari rediyo a shekarun 1970 zai tuna. A farkon 1974 kwana uku kawai a mako ake ba masana'antu wuta, saboda rikicin masu haƙar kwal. A 1975 tsadar kaya ta haura kashi 20 cikin 100. A 1976 gwamnatin James Callaghan ta je wurin Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF, ta nemi rancen dala biliyan 3.9, irin zuwan da muka saba gani ƙasashenmu na yi. A hunturun 1978 zuwa 1979 shara ta taru a tsakiyar Landan, masu haƙa kabari a Liverpool suka tafi yajin aiki.

Amma ta tashi. Ta shiga kasuwar Turai a 1973, man Tekun Arewa ya fara zuba a 1975, Margaret Thatcher ta hau a 1979 ta karya lagon ƙungiyoyin ƙwadago, ta sayar da kamfanonin gwamnati, a 1986 ta sakar wa kasuwar kuɗi ta Landan mara. Daga 1992 zuwa 2008 tattalin arzikin bai daina girma ba. Sai dai maganin ya bar tabo. A 1982 marasa aiki sun haura miliyan 3, garuruwan kwal da ƙarfe da masaƙa na arewa aka bar su a baya. Kuɗin mai kuma, Norway ta buɗe wa nata asusu a 1990 wanda yau ya wuce dala tiriliyan ɗaya. Birtaniya ta kashe nata wajen rage haraji da hidimar yau da kullum. Ɗan Najeriya ba ya bukatar a fassara masa wannan.

Ciwon yau

A 2008 bankuna suka durƙushe. Banki ɗaya kawai, Royal Bank of Scotland, sai da gwamnati ta zuba masa wajen fam biliyan 45. Tun daga nan ƙasar ba ta koma daidai ba. Kafin rikicin, abin da ma'aikaci ke samarwa a awa ɗaya yana ƙaruwa da wajen kashi 2 cikin 100 duk shekara. Bayansa ya koma kamar rabin kashi ɗaya. A kan wannan lissafi albashi yake hawa, shi ya sa in ka cire tsadar kaya, albashin yau bai yi wa na 2008 nisa ba. Daga 2010 aka shiga tsuke bakin aljihu, ƙananan hukumomi suka fi shan wuya, har majalisar birnin Birmingham ta bayyana a 2023 cewa kuɗinta ba za su kai ba. A 2016 kashi 52 cikin 100 na masu zaɓe suka ce a fita daga Tarayyar Turai, kasuwar da ta fi kowace sayen kayansu. Tsakanin 2016 da 2024 mutum shida suka zauna kujerar firayim minista. A cikinsu Liz Truss kwana 49 ta yi. Kasafinta na Satumban 2022 ya kai fam ƙasa da duk inda ya taɓa kaiwa a gaban dala.

Duk waɗannan alamomi ne. Tushen, a ganina, abu ɗaya ne: sun rage gini. Mai gidan ƙasa ya san in ka tsallake yaɓe bana ba abin da zai faru, baɗi ma haka, har ka ɗauka dabara ka yi. Sai wata damina katanga ta zauna gaba ɗaya. Shekara talatin ke nan Birtaniya kusan kullum ita ce ta baya cikin manyan ƙasashe bakwai na G7 wajen zuba jari a injuna da hanyoyi da gine-gine. Tun 1992 ba a kammala wata babbar madatsar ruwan sha ba, alhali jama'a sun ƙaru da miliyoyi. Ƙasar da ta buɗe tashar lantarkin nukiliya a Calder Hall tun 1956, ta ƙarshe da ta gama ita ce Sizewell B a 1995; wadda ake ginawa a Hinkley Point kamfanin Faransa ke yi, ta kuma wuce lokaci da kuɗin da aka yanka mata. Layin dogo mai gudu na HS2, da aka ce zai haɗa Landan da arewa, a 2023 aka yanke reshensa na Manchester saboda tsada. Gida kuwa, a ƙarshen shekarun 1990 albashin shekara huɗu kan saye shi a Ingila. Yanzu sai na wajen takwas.

Ba kuɗi ko gwaninta suka rasa ba. Dokokinsu na ba da izinin gini sun ba kusan kowa damar cewa kada a yi kusa da shi, masu gidaje kuma, yawancinsu dattawa, su suka fi fita zaɓe.

Na ga abin da wannan ke nufi lokacin da na sauka wurin 'yar ƙanwata, ma'aikaciyar jinya a wani gari na arewacin Ingila. A babban titin garin, shago uku a jere an toshe su da katako, na huɗu na caca ne, na biyar na gwanjo. A ɗakin taron wani coci na ga layin masu karɓar taimakon abinci, wasu da kayan aiki a jikinsu. A gidanta akwai wata 'yar na'ura kan kantar kicin mai nuna kuɗin wuta da gas yana hawa. In ta kunna abin ɗumama ɗaki, idonta na kanta, da yara sun yi barci ta kashe. Ta ce mini, "Kawu, ku kuna lissafa albashina da naira. Haya da wuta da harajin gunduma, kafin tsakiyar wata sun raba shi." Amma ruwa na zuba a famfo, wuta ba ta ƙiftawa, 'ya'yanta na makaranta ba ko kwabo. Da na shiga jirgi na sauka Landan, sai na ga kamar wata ƙasa na shigo: ƙugiyoyin gini ko'ina, ga sabon layin jirgin ƙasa na Elizabeth da aka buɗe a 2022. Gari ɗaya ne ke ɗauke da sauran.

Abin da bai rushe ba

Har yanzu tana cikin ƙasashen da suka fi girman tattalin arziki, tana da kujerar dindindin a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya. Wayar da ke hannunka, kusan tabbas ƙwaƙwalwarta a kan zanen kamfanin Arm na Cambridge aka ƙera ta. A Derby ake haɗa injunan Rolls-Royce da ke ɗaga manyan jiragen sama. Rigakafin zazzaɓin cizon sauro na R21, wanda aka fara yi wa yara a Kebbi da Bayelsa a Disamban 2024, daga Jami'ar Oxford ya fito. Kotunanta kuma duniya na yarda da su: a wata kotun Landan ce a 2023 aka soke hukuncin da zai sa Najeriya ta biya kamfanin P&ID wajen dala biliyan 11.

Abin da ya fi waɗannan duka ba ni ƙwarin gwiwa shi ne yadda suke gyara kuskure ba tare da jini ba. Truss ta yi ɓarna, 'yan jam'iyyarta suka sauke ta. Ranar 4 ga Yuli, 2024 aka yi zaɓe. Washegari Firayim Minista Rishi Sunak ya fita daga gidan gwamnati na Downing Street, Keir Starmer ya shiga. Alƙaluman da ke tona asirin gwamnati, har da na mutanen da ke jiran aikin asibiti, wanda ya haura miliyan 7 a 2023, hukumomin gwamnatin ne da kansu ke wallafa su. Ƙasar da ke iya faɗa wa kanta gaskiya ba ta mutu ba. Bashi ma sun taɓa ganin wanda ya fi wannan: bayan yaƙi na biyu ya kai ninki biyu da rabi na abin da ƙasar ke samarwa a shekara, cikin shekara talatin ya sauko wajen rabi. Yau yana wajen ninki ɗaya.

Ban ce hanyar mai sauƙi ba ce. Kuɗin ruwan bashi kaɗai ya haura fam biliyan 100 a shekara, ya fi kasafin tsaro. Tsofaffi na ƙaruwa, haihuwa na raguwa. Akwai kuma masu samun ƙuri'a da ɗora laifin komai kan baƙi, alhali wajen ɗaya cikin biyar na ma'aikatan asibitocin Ingila baƙin ne. Wannan shi ne hatsarin da na fi ji musu: su ɓata shekaru suna neman wanda za su zarga, suna begen girman da ya wuce. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba.

Don haka in aka tambaye ni, amsata biyu ce. Birtaniya ba za ta sake juya duniya ba, kuma mu da aka juya ba mu da dalilin yi mata kuka. Amma tana iya komawa ƙasar da ɗan direban bas zai yi aiki ya sayi gida kafin ya yi furfura. Mai son sanin ko sun kama hanya, kada ya bi ta bikin fadar sarki ko jawabin 'yan siyasa. Ya duba abu uku: gida nawa aka gina a shekara, nawa masana'anta ke biyan kuɗin wuta, da kuma ko albashi na hawa a garuruwa irin su Port Talbot da Sunderland, ba Landan kaɗai ba. Dukansu abubuwa ne da majalisar dokoki za ta iya sa hannu a kansu, in masu zaɓe sun yarda a haƙa rami kusa da gidajensu, a kuma kashe kuɗi yau kan abin da sai jikoki za su mora.