Shin Sai An Jiƙa Talotalo A Ruwan Gishiri Kafin A Dafa Shi?

Da safiyar sallah a Ruwan Bore, cikin ƙaramar hukumar Gusau, aikin kaza ba ya ɗaukar lokaci. Maigida ya yanka zakara a ƙofar gida, uwargida ta kwara masa ruwan zafi, yara su fige, a babbake sauran gashin a bakin murhu, a yayyanka, sai tukunya. Albasa da citta da tafarnuwa da gishiri su bi baya. Idan ya tafasa ya yi laushi a tsame, a jefa cikin man gyaɗa, romon kuma ya tafi miya. Haka ake yi wa zabo, haka ake yi wa talotalo a gidan da aka samu halin sayensa.

Sai dai yanzu 'yan mata da amare suna ganin wata hanya a bidiyon girki na waya: a nutsar da talotalo sukutum cikin bokitin ruwan gishiri, ya kwana, kashegari a gasa. Shin wannan dabara ce da ta dace da kicin ɗin Zamfara?

Asalin talotalo ƙasar Meziko ne, inda aka fara kiwonsa, kuma Sifaniyawa ne suka kai shi Turai a farkon ƙarni na 16. A Amurka shi ne abincin bikin godiya da ake yi ranar Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba, a Ingila kuma naman Kirsimeti. Can ba sa yayyanka shi, ɗungurungum suke sa shi a tanderu ya shafe awa uku ko huɗu. A nan matsalar take. Tsokar ƙirji ba ta da kitse, tana saurin nuna, cinya kuwa tana buƙatar wuta mai tsawo. Kafin cinya ta nuna, ƙirjin ya bushe ya zama kamar ɓawo. Don maganin wannan bushewa aka ɓullo da jiƙo.

Yadda abin ke aiki ba ɓoyayye ba ne. Tsokar nama zaruruwa ce na furotin, kuma idan zafi ya taɓa su sai su takure su matse ruwan da ke cikinsu, kamar yadda ake matse wanki. Gishiri yana narkar da wani ɓangare na wannan furotin, zaruruwan su saki jiki, su sha ruwa, sannan su rage takurewa a kan wuta. Naman da ya kwana a ruwan gishiri yakan ƙara nauyi da kusan kashi 10 cikin 100, saboda haka ko ya zubar da ruwa wajen gashi, yana da ragowa. Ma'aunin da aka saba shi ne giram 60 na gishiri a kowace lita ta ruwa, wato cokalin cin abinci uku da ɗan ɗori, a bar babban talotalo a ciki awa 12 zuwa 24.

Amma abin da ya shiga naman ruwa ne da gishiri kawai, ba romo ba. Shi ya sa wasu masu girki ke kukan cewa ɗanɗanon yana yin salam, fata kuma ta ƙi yin ƙaras. Da yawansu sun koma shafa gishirin a bushe: kimanin giram 10 ga kowane kilo na nama, a cusa har ƙarƙashin fata. Gishirin zai jawo ruwan naman waje, ya narke a ciki, sannan a hankali ya koma cikin tsoka. Aikin ɗaya ne, ba tare da bokiti ba.

Akwai abin da gishiri ba ya iyawa. Zakaran da ya shekara yana kiwo a bayan gida, ko zabon da aka sayo a kasuwar Mada ko ta Tsafe, taurinsa ba na bushewa ba ne, na jijiya ne da yanar da ke lulluɓe tsoka. Wannan jijiya ba abin da ke narkar da ita sai doguwar dahuwa cikin ruwa, kuma ita ce ke sa farfesu ya yi kauri har ya danƙare idan ya huce. Ke nan tafasawar da iyaye mata ke yi kafin suya ta riga ta biya buƙata biyu: ta tausasa jijiya, ta kuma shigar da gishiri cikin nama. Ruwan da ya fita ma bai salwanta ba, yana cikin romo.

Babban haɗarin yana wajen sanyi. Ɗanyen naman tsuntsu kan zo da ƙwayoyin cuta irin su Salmonella, masu haddasa gudawa da amai da zazzaɓi, kuma gishirin jiƙo bai kai ƙarfin da zai kashe su ba. Tsakanin digiri 5 da 60 na ma'aunin zafi suke hayayyafa, wasunsu suna ninka yawansu cikin minti 20 idan yanayi ya yi musu daɗi. Dole jiƙon ya zauna a firji, ƙasa da digiri 5, tun daga farko har ƙarshe. A Gusau da Bungudu zafin bazara kan kai digiri 40, kuma ko sanyin hunturun da ke sa mutane kwana da bargo bai kusanci na firji ba. Randa ma ba ta isa. Firjin da wuta ta ɗauke masa tsakar dare ya zama akwati kawai, sai fa in an cika shi da ƙanƙara.

Sai batun lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a yini, kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Naman da aka jiƙa, aka sake barbaɗa masa magi da yaji, nauyi ne ga mai hawan jini ko ciwon ƙoda. Duk wadda ta jiƙa, to ta janye hannu daga gishirin miya.

Saboda haka amsar ta danganta da yadda za a dafa. Uwargidan da za ta yi farfesu, ko ta tafasa ta soya, ba ta da buƙatar jiƙo ko kaɗan. Wadda za ta gasa talotalo ko kazar gidan gona sukutum, kuma tana da sanyin da ta amince da shi, ta shafa gishiri a bushe tun jajibere, ta gasa har zafin tsakiyar cinya ya kai digiri 74. Idan babu firji mai aiki, a yanka tsuntsun ranar da za a ci shi, a sa gishiri, a ɗora a wuta nan take.