Daga Kwanon Sarki Zuwa Riƙe Zanen Gini

Duk wanda ke fita da sassafe a Kano ko Kaduna ko unguwannin gefen Abuja ya saba ganinsu: maza a tsugune bakin titi, kowa da cebur ko diga a gabansa, suna jiran motar da za ta tsaya a ce ana son mutum biyar. Wanda aka ɗauka ya samu na cefane. Wanda aka bari, hantsi na yi sai ya saɓa ceburinsa ya nufi gida. A wannan layin na fara, yau kuma ni ke kula da ma'aikata a wurin gini, shi ya sa samari ke yawan tambayata ko sana'ar nan tana riƙe mutum har tsufa.

Tana riƙewa, amma ya danganta da inda mutum ya tsaya. Lebura yana ɗaukar kwanon sarki, yana kwaɓa siminti, yana miƙa bulo. In yana da ido, wata rana maigidansa zai ba shi cokali ya cike tsakanin bulo, daga nan ya ɗora layi, daga nan filasta. Yawancinmu a nan muke yada zango, ana biyanmu kuɗin yini ko jinga. To, masu iya jera bulo sun yi yawa, kuma aiki ne mai cin baya da gwiwa. Birkila ɗan shekara 55 ba ya iya tsere da ɗan 25 a saman katako.

Kuɗin yana wajen ƙarasa gini: tayil, silin na POP, famfo, wayarin, fenti mai kyau. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda masu manyan gine-gine a Abuja da Legas ke ɗauko masu wannan aiki daga Togo da Jamhuriyar Benin, alhali 'ya'yanmu na zaune. Na yi aiki da wani mai tayil ɗan Togo, na kuma zuba masa ido. Tun safe har azahar bai manna ko ɗaya ba. Igiya yake ja, yana awo, har ya gano wata kusurwar falon ta karkace, sai ya tsara yadda yankakkun tayil za su faɗa bayan ƙofa inda ido ba ya kaiwa. Da ya gama banɗaki, ya sheƙa bokitin ruwa a ƙasa, muka tsaya muna kallo har ruwan ya gangara rariya, bai bar ko ɗigo a lungu ba. Ba ƙarfi ya fi yaranmu ba. An koya masa ne cewa awo shi ne aikin.

Tsalle mafi girma shi ne karanta zanen gini. Ranar da birkila ya iya buɗe takardar injiniya ya fitar da harsashi da kansa, ya san bulo kusan 10 ke cika murabba'in mita ɗaya na bango, ya gane cewa kwaɓin 1:2:4 na nufin siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, ranar ya daina sayar da ƙarfinsa kaɗai. Shi ake naɗawa shugaban ma'aikata, shi ke karɓar ƙaramar kwangila, kuma furfura ba ta korarsa daga aiki.

Sai takarda. Da yawa cikin gwanayenmu ba su da shaidar komai, don haka babban kamfani ba ya ɗaukarsu sai a matsayin lebura. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana yin jarrabawar sana'a mai mataki uku, daga na uku zuwa na ɗaya. Hukumar NBTE da ke Kaduna tana da tsarin da ake gwada wanda ya koyi aiki a hannun maigida, a ba shi shaida ba tare da ya koma aji ba. Kowane magini ya kamata ya nemi ɗaya daga ciki.

Batun tabbacin aiki kuwa, a faɗi gaskiya, da sauran tafiya. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000, gine-gine suka tsaya cak, birkiloli suka zauna. Masu famfo da masu wuta ba su zauna ba, domin bututun da ya fashe ba ya jiran siminti ya sauko. Shi ya sa nake matsa wa yarana su haɗa gini da wata sana'ar gyara.

Rauni ya fi wannan ciwo. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa masu ɗaukar aiki su riƙa zuba kashi ɗaya cikin ɗari na albashi a asusun NSITF, amma ɗan jinga ba ya cikin rajistar kowa. Na ga wanda ya faɗo daga bene ya karya ƙugu. Mai ginin ya biya kuɗin asibiti na ranar farko, daga nan wayarsa ta daina shiga. Abokan aikinsa ne suka riƙa karo-karo har ya miƙe. Tun lokacin, ba na barin kowa ya hau katako sai na taka shi da ƙafata, kuma ba na karɓar aiki sai mai gini ya sa hannu a takarda cewa jinyar wanda ya ji ciwo tana wuyansa.