JININ UWA, ABINCIN ƊA



A cikin Bishara ta hannun Luka, sura 1, an ba mu labarin Maryamu, sa'ad da ta ji 'yar'uwarta Alisabatu tana da ciki wata shida. Ba ta aika da gaisuwa kaɗai ba. Ta tashi ta hau ƙasar tuddai, ta zauna wurinta wajen wata uku. Yau ina so mu yi magana a kan irin wannan hidima, watau kula da mai ciki da jariri, musamman kan zancen jini.

Sa'ad da mu ke zaga gidaje gaishe da marasa lafiya, sau da yawa mu kan tarar da mace mai ciki ta kāsa daka, in ta ɗauko ruwa sai haki, jiri yana ɗibarta, tafin hannunta da cikin idonta sun yi fari. Wata ma tana kwaɗayin farar ƙasa. Mutanen gida su ce lalaci ne, ko kuwa sammu. Galibi ba haka ba ne, ƙarancin jini ne. Binciken lafiya na Kamaru na 2018 ya nuna cikin mata 100 wajen 40 suna da shi, cikin yara 100 'yan ƙasa da shekara biyar kuwa wajen 57.

Ga yadda abin ya ke. Allah ya sa ƙarfe a jikin mutum, ɗan kaɗan, giram 3 zuwa 4 ga babba, kamar nauyin ƙaramar ƙusa. Da shi jiki ke yin jan jini, shi kuwa jan jinin ne ke ɗaukar iskar da mu ke shaƙa daga huhu ya kai ta ko'ina. In mace ta yi ciki jininta yana ƙaruwa da kusan rabi, tana kuma gina jinin ɗanta. Kafin ta sauka tana bukatar ƙarfe wajen giram ɗaya, tuwon dawa da miya kaɗai kuwa da wuya su ba ta wannan. Ga zazzaɓin cizon sauro yana fasa jini, ga tsutsar ciki da tsargiya ta bakin Binuwai suna zuƙe shi. In ta shiga naƙuda da jini kaɗan, zubar jinin da wata za ta jure, ita yana iya kai ta kabari. Ɗan kuma ya kan zo bakwaini, ko ƙarami ƙwarai.

Saboda haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce, a 2016, kowace mai ciki ta sha ƙwayar ƙarin jini kowace rana, mai ƙarfe miligiram 30 zuwa 60 tare da sinadarin folik, ta kuma je awo sau takwas. Ke mai ciki, ki fara awo da wuri. Ƙwayar ta kan sa bayan gida ya yi baƙi, ba laifi ba ne. In tana tayar miki da zuciya, ki sha da dare bayan abinci, kada ki daina ba ki gaya wa mai awo ba. Kada ki haɗiye ta da shayi ko madara, gama suna hana ƙarfen shiga jiki, amma lemo da gwaba da mangwaro suna taimakonsa. Masu cewa ƙwayar tana ƙatanta ɗa har haihuwa ta gagara, kada ki ji tsoronsu. Abin tsoro shi ne naƙuda ba jini.

Yanzu ga zancen yaro. Jariri yana zuwa duniya da guzurin ƙarfe daga uwarsa, wanda zai kai shi wata huɗu zuwa shida. In ungozoma ta dakata minti ɗaya zuwa uku kafin ta yanke cibiya, guzurin ya ƙaru. Wata shida na fari nonon uwa zalla. Daga nan a ci gaba da nono, amma kunu tsurarsa ba ya isa, nonon saniya kuma, duk da daɗinsa, ƙarfensa kaɗan ne. A dama masa hanta, da kifin Lagdo, da nama, da wake, da zogale. Tun 2011 doka ta sa a ƙara ƙarfe cikin garin alkama a Kamaru, amma burodi ba ya zama madadin waɗannan.

Don me mu ke damuwa haka? Domin a shekaru biyu na fari ƙwaƙwalwa ke girma da sauri, tana kuwa bukatar ƙarfe. A ƙasar Kosta Rika wata likita, Betsy Lozoff, ta bi yaran da suka yi rashin ƙarfe mai tsanani suna jarirai har suka kai shekara 19, ta ga suna bayan sa'o'insu a gwajin fahimta, musamman 'ya'yan talakawa. Amma fa mu faɗi gaskiya duka. A Bangaladesh an gwada jarirai 3,300 'yan wata takwas, aka fid da sakamako a 2021. Waɗanda aka ba ƙarfe wata uku jininsu ya ƙaru, amma ba su fi sauran basira ba. Ashe maganin ba layar wayo ba ne. Aikinsa ya cika giɓi inda akwai giɓi, riga-kafi kuwa ya fi magani.

Akwai kashedi kuma. A tsibirin Pemba na Tanzaniya, inda sauro ya yi yawa, an ba dubban yara ƙarfe a 2002 da 2003, sai aka ga kwanciya asibiti ta ƙaru a cikinsu, aka tsai da gwajin. Ƙasarmu ma ƙasar sauro ce. Don haka kada ka sayo wa yaro maganin ƙarin jini a tebur. Ka kai shi a duba jininsa, ya kwana cikin gidan sauro, ya sha maganin riga-kafin zazzaɓi na damina da aka soma rabawa a arewacin Kamaru a 2016. Ƙwayar uwa kuwa a ɓoye ta nesa da hannun yara, gama in yaro ya haɗiye da yawa, dafi ce mai kisa.

Kai maigida, magana ta zo kanka. In an yanka kaza, wa ke cin hanta? In ranar awo ta zo, wa ke ba da kuɗin hanya? Ku matan zumunta, wace ce cikinku za ta zama Maryamu ga maƙwabciyarta, Kirista ko Musulma, ta ɗebo mata ruwa, ta tuna mata da ƙwayarta? Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne, Mai ba da rai shi ya ba likita sani.

Mu yi addu'a. Ya Uba, ka kiyaye masu ciki har su sauka lafiya, ka raya 'ya'yanmu cikin ƙarfi da hankali, ka ba mu zuciyar hidima, ta wurin Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.